Tsammani, Bege da Takaici: Dogon Jiran Indiana Jones

Fim ɗin Indiana Jones na huɗu, mai suna Indiana Jones and the Kingdom of the Crystal Skull, ya fito a gidajen silima ranar 22 ga Mayun 2008, kwana huɗu bayan an fara haska shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Shekara 19 ke nan tsakaninsa da na uku. Ya tara kusan dala miliyan 790 a faɗin duniya, a shekarar kuma fim ɗaya ne kaɗai, The Dark Knight, ya fi shi ciniki. Mafi yawan masu sharhi a jaridu sun yaba masa daidai gwargwado. Duk da haka, har yau in aka ambaci sunansa a gaban waɗanda suka tashi da kallon ukun farko, abin da ake fara gani shi ne yatsine fuska. Kasuwa ta karɓe shi, waɗanda suka fi kowa jiransa kuwa suka fito jiki a sanyaye. Hausa tana da kayan aikin da za a rarrabe abin da ya faru a zukatan nan, domin ba ta tara jira a kalma ɗaya ba, haka nan rashin samun abin da aka jira ba ta ba shi suna ɗaya ba.

Shi kansa Indiana Jones da waiwaye aka haife shi. George Lucas, haifaffen 1944, da Steven Spielberg, haifaffen 1946, sun tashi da kallon wasu gajerun fina-finan kasada na shekarun 1930 da 1940, waɗanda ake nunawa kashi-kashi, kowane mako kashi ɗaya, a yanke labarin daidai inda jarumi yake rataye a bakin halaka don yara su dawo mako mai zuwa. A watan Mayun 1977, suna hutu a tsibirin Hawaii, Spielberg ya ce yana sha'awar shirya fim ɗin James Bond, Lucas kuwa ya ce yana da wanda ya fi shi: malamin jami'a mai tonon kayan tarihi, mai malafa da bulala. Sunan ma na karen Lucas ne. Fim na farko, Raiders of the Lost Ark, ya fito a 1981, Harrison Ford yana jarumi, yana rige-rige da 'yan Nazi a kan Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila. Na biyu ya biyo a 1984, na uku a 1989, inda Sean Connery ya fito a matsayin mahaifin jarumin. Na ukun ya ƙare da mutum huɗu a kan dawakai, sun baro kwazazzabon Petra na ƙasar Jodan, suna sukuwa suna dosar rana tana faɗuwa, har suka ƙanƙance a ido. Mai tatsuniya in ya kai nan sai ya ce ƙurunƙus, kalmar da ke sallamar masu sauraro su je su kwanta. Masu kallo sun ji ƙurunƙus ɗin sarai, amma da yawansu ba su tashi daga dandalin ba.

Jira, a karan kansa, aiki ne na lokaci kawai. Mai jiran mota a tasha yana iya cin gyaɗa, yana iya gyangyaɗi, in motar ba ta zo ba ya hau wata. Dako ya fi jira nauyi. Mai dako ya san abin da yake jira da sunansa, idonsa na kan hanya, kuma ba ya karɓar madadi. A rubuce kalmar ba ta da bambanci da dakon kaya, kuma wanda ya taɓa daɗewa yana dakon wani ya san yadda abin yake sauka a wuya kamar an ɗora masa buhu. Abin da masoya Indiana Jones suka yi daga 1989 dako ne, kuma an yi ta ba su dalilin ci gaba da shi. An yi shirin talabijin a kan ƙuruciyar jarumin a 1992 da 1993. Marubuta sun yi ta shiga suna fita: Jeb Stuart, Jeffrey Boam, Frank Darabont, Jeff Nathanson, kafin a tsaya a kan rubutun David Koepp. Sharaɗin shi ne sai mutum uku sun amince, Lucas da Spielberg da Ford, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Lucas ya kafe a kan labari mai halittun wata duniya, sauran biyun suna ja da baya. Daftarin Darabont ya yi wa Spielberg daɗi, Lucas ya ce bai yi masa ba, aka koma farko. Sai a watan Yunin 2007 aka fara ɗauka, Ford yana dab da cika shekara 65.

A tsawon wannan lokaci tsofaffin fina-finan ba su zauna a ma'ajiya ba. Sun shiga gidaje a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifai, yaron da ya gan su sau ɗaya a silima ya maimaita su har ya haddace inda kowane naushi zai sauka. Kowace maimaitawa tana goge wani aibi, tana ƙara wa abin ƙyalli. Fim ɗin da ke zuwa ba da ukun farko kaɗai zai yi gogayya ba, har da shekara 19 na wannan gugar.

Tsammani lissafi ne. Wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas yana tsammanin ruwa, kuma yana da hujja. Masoyan nan suna da tasu hujjar: darakta shi ne, mai labari shi ne, jarumi shi ne, mai kiɗa John Williams shi ne, har Karen Allen, wadda ta fito a matsayin Marion, masoyiyar jarumin, a fim na farko, an ce za ta dawo. Fata ta fi tsammani sauƙin kai, don tana tafe da addu'a, kuma mai fata ya riga ya yarda cewa abin yana iya yiwuwa, yana iya ƙin yiwuwa. Wadda ta fi su haɗari ita ce sa rai. Bahaushe yana magana a kan rai kamar wani abu da ake ɗauka da hannu: a sa shi, a cire shi, a fid da shi, a ɓata shi. Wanda ya sa rai a kan abu ya ba da ajiyar wani yanki na kansa a hannun da ba nasa ba, kuma in abin ya rushe, da ajiyar yake rushewa. An riga an yi wa masu kallo gargaɗi a 1999, lokacin da Lucas ya dawo da Star Wars bayan shekara 16, jama'a suka kwana a layin tikiti, da yawansu suka fito suna gunaguni. Wannan ya isa ya mai da sa rai ya koma fata. Bai mayar ba, domin kowa ya ce ai wannan karon Spielberg ne ke riƙe da kyamara.

Ɗoki kuwa a jiki yake bayyana. Shi ne Allah-Allah gari ya waye, shi ne kasa zama wuri ɗaya, kuma ba ya daɗewa, shi ya sa masu talla suke kunna shi dab da ranar kasuwa. Tallan fim ɗin na farko ya fito a watan Fabrairun 2008. A cikinsa an ga malafar a ƙasa, hannu ya ɗauke ta, sannan inuwar mutum ta bayyana a jikin mota yana ɗora ta a ka, kiɗan nan da kowa ya sani ya tashi. Fuska ba ta cikin inuwa, furfura ba ta cikinta. Inuwar 2008 da ta 1981 ɗaya ce, kuma wannan ya isa ya sa magidanta masu 'ya'ya su ji kamar an mai da su shekara goma. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Fim ɗin ya sa labarinsa a 1957, ya matsar da shi shekara 19 daga na uku, daidai da yadda jarumin ya tsufa a zahiri, kuma wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo. 'Yan Nazi sun kau, sojojin Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin wata jami'a da Cate Blanchett ta fito a matsayinta sun maye gurbinsu. Tun ba a yi nisa ba aka zo wurin da ya zame wa fim ɗin tambari. Indiana ya tsere wa masu binsa a hamadar Nevada, ya faɗa wani ɗan gari mai tsabta, ciyawa shar a ƙofar kowane gida, talabijin na kunne a falo. Ya yi magana ba a amsa ba. Da ya matsa sai ya ga iyalin da ke zaune a kujera mutum-mutumi ne irin na shagon tufafi, haka mai wankin mota a waje, haka yaran da ke kan titi. Garin gwajin bam ɗin nukiliya ne, jiniya ta fara kuka, murya tana ƙirga daƙiƙoƙi. Ya waiga hagu da dama, ya buɗe firji, ya watso kayan ciki, kyamara ta nuna rubutun da ke cewa an lulluɓe cikinsa da dalma, ya shige ya ja ƙofa. Haske ya narkar da fuskokin mutum-mutumin, gidaje suka tashi kamar karan dawa, firjin ya yi sama ya faɗo can nesa yana gungurawa. Ƙofa ta buɗe, dattijo ya fito yana tangaɗi, ya hau tudu ya tsaya, ƙaramin mutum da malafa a gaban hayaƙin da ya tokare sama kamar laima.

Wannan hoto na ƙarshe yana cikin mafi kyawun abin da Spielberg ya ɗauka a jerin gaba ɗaya, domin ya nuna mutumin zamanin doki da bulala tsaye a gaban zamanin da ya fi ƙarfinsa. Amma firjin aka riƙe. Cikin 'yan kwanaki wani sabon salon magana ya bazu a intanet da Ingilishi, ma'anarsa a tarwatsa firji da nukiliya, ana nufin lokacin da jerin fina-finai ya wuce gona da iri har ya zubar da mutuncinsa. An ƙera shi ne a kan wani tsohon salo, tsallake kifin shak, wanda ya samo asali daga shirin talabijin na Amurka mai suna Happy Days, inda a 1977 aka sa wani ɗan wasa ya yi zamiya a kan ruwa ya tsallake kifin. Takaicin jama'a ya haifi karin magana, kuma karin maganar ya fi yawancin abin da ke cikin fim ɗin tsawon rai.

A nan adalci yana buƙatar a waiwaya. A fim na biyu, jarumin da abokan tafiyarsa biyu sun faɗo daga jirgin sama a cikin kwalekwalen roba da ake hura wa iska, suka sauka a kan dusar ƙanƙara, suka gangara dutse, suka sake faɗawa kogi daga ƙololuwa, ba wanda ya karye. A fim ɗin dai aka zare wa mutum zuciya da hannu yana raye yana kallo. A na uku an tarar da wani mayaƙi ya shekara kusan 700 yana gadi a kogo. Firji bai fi waɗannan nisa da hankali ba. Bambancin yana wurin mai kallo: wanda ya ga kwalekwalen yana ɗan shekara 10 ya ga firjin yana da 34, ya san nauyin jiki, ya san ciwon baya, ya san abin da bam yake yi wa gari.

Wannan bai wanke fim ɗin ba, don yana da laifuffukansa na gaske. Ukun farko da gumi aka yi su. An ɗauki na farko a zafin Tunisiya, inda cutar ciki ta kwantar da ma'aikata, har ta sa aka soke dogon faɗan da aka shirya da wani mai takobi, Ford ya zaro bindiga kawai ya harbe shi, abin ya zama wurin da aka fi tunawa. Macizan ramin nan dubbai ne, kuma mafi yawansu masu rai. Mutumin da aka gani yana bi ta ƙarƙashin babbar mota tana gudu, wani gwanin wasan kasada ne mai suna Terry Leonard, kuma da jikinsa ya bi. Ido yana gane ƙura ta gaske. A na huɗu, wanda 'yan wasansa ba su bar ƙasar Amurka ba, tseren motoci a kurmin Amazon ya cika da siddabarun kwamfuta, ga rundunar kwarkwasa da aka zana tana jan mutum cikin rami, ga Shia LaBeouf, a matsayin ɗan jarumin, yana lilo daga igiyar kurmi zuwa wata tare da garken birai. Ba wanda ya ji tsoron kada ya faɗo, domin a bayyane yake babu ƙasar da zai faɗa a kai. Fim ɗin kasada da bai sa an riƙe numfashi ba ya rasa abin da aka biya kuɗi dominsa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Mutanen Peru ma sun yi nasu ƙorafin, don an cakuɗa tarihinsu da na Meziko, har aka sa jarumin ya ce ya koyi harshen Quechua a wurin mutanen Pancho Villa, madugun juyin juya halin Meziko.

Abin da ya fi komai raba kan masoya da fim ɗin shi ne abin da aka je nema. A ukun farko kayan ibada ne, masu tushe a addinan da mutane suke bi, kuma ikon da ke cikinsu ba a bayyana shi, sai dai a ga aikinsa. A na huɗu ƙoƙon kai ne na dutse garai-garai kamar gilashi, wanda a ƙarshe aka nuna na wasu halittu ne da ba na duniyar nan ba, har jirgi mai siffar faifai ya tashi daga ƙarƙashin kango. Irin waɗannan ƙoƙunan suna nan a zahiri. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya sayi ɗaya a 1897, an daɗe ana jingina shi ga tsofaffin al'ummun Meziko, amma binciken da aka yi masa da na'ura ya nuna sawun injin sassaƙa mai juyawa, na ƙarni na 19. Kayan tarihi ne na jabu da aka yi don masu marmarin tsohon abu. Ga Lucas, sauyin yana da ma'ana: tunda labari ya koma shekarun 1950, sai a kwaikwayi fina-finan wannan zamani, na jiragen sama jannati da tsoron Rasha, waɗanda ya kalla yana yaro. Shi yana waiwayen tasa ƙuruciyar ta 1957, masu kallo suna waiwayen tasu ta 1981, kowa ya zo da nasa ƙoƙon bara, aka haɗu a ɗaki ɗaya ba mai abin zuba wa wani.

Hausa tana da kalmomi uku da suke kusa da juna a nan, kuma rikita su shi ne tushen lamarin. Marmari sha'awar abin da aka daɗe ba a ɗanɗana ba ne, kuma kaɗan ke kashe shi: mai marmarin mangwaro in ya sha biyu ya huta. Kewa gurbi ce da wani ya bari, kuma ana ɗebe ta, ko da hira ce da wani daban. Bege ya bambanta da su duka. Shi ne zuciya ta rataya ga abin da ke nesa, nisan da ƙafa ba ta cin sa, shi ya sa kalmar ta samu mazauninta mafi girma a bakin sha'irai masu begen Annabi. Bege ba ya ƙarewa da samu, ambato ma ƙara shi yake yi. Harsunan Turai suna da tasu kalmar, nostalgia, wadda wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙera a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, don ya sa wa cutar da ke kama mutanen Suwizalan da suke nesa da garuruwansu suna. Maganinta a lokacin shi ne a mai da mutum gida. Daga baya ma'anar ta tashi daga wuri ta koma zamani, inda babu hanyar da ke komawa.

Masu marmari sun sami biyan bukata a 2008, kuma su ne mafi yawa, su suka tara miliyoyin nan: sun ga malafa, sun ji kiɗa, sun yi dariya, sun koma gida. Masu kewar jarumin ma an ɗebe musu, don Ford bai gaza ba, tafiyarsa da murmushinsa na gefen baki suna nan. Waɗanda suka fito da ciwo su ne masu bege da suka ɗauka tsammani suke yi. Sun zaci fim suke dako, alhali a cikin abin da suke dakon har da zauren silimar da aka rushe, da mahaifin da ya riƙe musu hannu a layin tikiti, da idon da bai san yadda ake haɗa dabarar fim ba. Babu daraktan da ke da wannan a ma'ajiyarsa.

Fim ɗin ya san da haka, kuma wurin da ya fi gaskiya a cikinsa shi ne inda ya faɗa. Bayan an dakatar da Indiana daga koyarwa, an nuna shi a gida yana haɗa kaya, a kan teburinsa ga hoton mahaifinsa, ga na abokinsa Marcus Brody, dukansu sun rasu a labarin. A zahiri Denholm Elliott, mai fitowa a matsayin Marcus, ya rasu tun 1992, Connery kuma ya yi ritaya ya ƙi dawowa. Jarumin ya zauna yana duban hotunan, shugaban tsangayarsu yana tsaye, suna maganar shekarun da duniya take daina bai wa mutum ta fara karɓewa. Daga cikin mahaya huɗun da suka doshi faɗuwar rana a 1989, shi kaɗai ya rage a fim ɗin. Minti kaɗan ne, daga nan aka koma tsere, kuma da an daɗe a wannan ɗaki da wataƙila an sami fim ɗin da ya dace da masu kallon da suka girma.

Rashin samun abin da aka sa rai a kansa, Hausa ta rarraba shi a sassan jiki da na zamantakewa. Murna ta koma ciki, kamar abincin da aka kai baki aka fasa. Gwiwa ta yi sanyi. An ciji yatsa. Haushi yana da wanda ake jinsa a kansa, kuma yana wucewa. Takaici shi ne ɓacin ran da ba shi da wurin kai ƙara, irin wanda ke sa mutum ya yi shiru ya girgiza kai, kuma ya fi zafi in daga hannun na gida ya fito. Amma kalmar da ta fi dacewa da bakin masoyi ita ce kunya. Mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallo in an lallasa su yakan ce sun ba mu kunya, ba ya cewa sun ji kunya, domin shi ne ya yi ta cika baki a majalisa. Masoyin Indiana Jones ya shekara 19 yana zuzuta gwaninsa, ya ja matarsa da 'ya'yansa zuwa silima yana cewa yau za ku ga fim, sai ga birai. Ya tsaya wa abu, abin bai tsaya masa ba. Daga nan ne wasu suka haura zuwa kalma mafi nauyi, suka ce an ci amanarsu, har da masu cewa an lalata musu ƙuruciya. Wannan ya wuce kima. Amana sai da alkawari, kuma ba wanda ya yi musu alkawarin mai da su yara, fina-finan farko kuma suna nan yadda suke, ba a sauya labarinsu ba. Sai dai zafin maganar yana nuna girman ajiyar da aka bayar.

Masu fim ɗin sun ji a jikinsu. A 2010 LaBeouf ya fito fili ya ce bai sauke nauyin da aka ɗora masa ba. A 2011 Spielberg ya ce shi ma bai taɓa son batun halittun nan ba, ya bi abokinsa ne don amincin da ke tsakaninsu, amma firjin dabararsa ce, a ɗora masa. Daga baya Lucas ya ce a'a, tasa ce, Spielberg yana kare shi ne kawai. Abokai biyu da suka haura shekara 60 suna rige-rigen ɗaukar laifi, kowa yana janye ɗan'uwansa daga bakin jama'a.

Daɗewa kaɗai ba ta kashe ci gaban fim. George Miller ya dawo da Mad Max a 2015 bayan shekara 30, da sabon jarumi da motoci na gaske a hamadar Namibiya, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Top Gun ya dawo a 2022 bayan shekara 36, ya mai da tsufan jaruminsa da mutuwar abokinsa su ne ƙashin bayan labarin, ya yi cinikin da ya haura dala biliyan ɗaya. Na farkon ya ƙi yi wa bege hidima sam, na biyun ya dube shi ido da ido. Indiana Jones na huɗu ya tsaya a tsakiya, yana so ya amsa cewa shekaru sun wuce, yana kuma so ya yi tsalle kamar ba su wuce ba. Ƙarshensa ma haka yake: a wurin ɗaurin auren jarumin da Marion, iska ta gangaro da malafar zuwa ƙafar ɗansa, yaron ya ɗauka zai sa, uban ya fizge ya ɗora a kansa ya fita.

Akwai wata kalma da ta rage, yanke ƙauna. Ƙauna so ce, amma in an yanke ta, ma'anar da ke fitowa ita ce fid da rai, kamar harshen yana cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure so da sa rai. Abin da ya biyo baya ya nuna yawan waɗanda suka yanke. Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin Lucas, a 2012 a kan kusan dala biliyan 4, kuma bayan wata shekara 15 daga na huɗu aka fitar da na biyar, Indiana Jones and the Dial of Destiny, a ƙarshen Yunin 2023. James Mangold ne ya ba da umarni a maimakon Spielberg, Ford yana da shekara 80, ya kuma ce wannan ne na ƙarshe a gare shi. An kashe sama da dala miliyan 300 a kansa, ya tara ƙasa da miliyan 400, wato kusan rabin abin da na huɗu ya samu. Ba a yi masa irin ihun da aka yi wa firji ba, don masu ihun da yawa ba su je ba.

Fim ɗin ya buɗe da 1944, inda aka yi amfani da kwamfuta aka mai da fuskar Ford ta matashi, amma muryar da ke fitowa daga bakin ta dattijo ce. Daga nan ya tsallaka 1969, Indiana yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a New York, ɗansa ya mutu a yaƙin Vietnam, aurensa ya lalace, ɗalibansa suna hamma a aji. Abin da ake nema a wannan karon na'ura ce da aka jingina wa Archimedes, masanin lissafi na tsohuwar Siracusa, mai nuna ɓarakar da ake bi a koma wani zamani. A ƙarshe jarumin ya tsinci kansa a tsohuwar Siracusa ana yaƙi, zamanin da ya ƙare rayuwarsa yana karantawa, ga rauni a jikinsa, ya roƙi a bar shi a can. 'Yar amininsa, wadda Phoebe Waller-Bridge ta fito a matsayinta, ta ƙi, ta naushe shi ya suma, ta dawo da shi 1969. Ya farka a gadonsa, Marion ta shigo da kayan cefane, suka tsaya a kicin suna tambayar juna inda ke ciwo. Kyamara ta fita waje ta tsaya a kan malafar, an maƙale ta a igiyar shanya a bakin taga, sai hannu ya miƙo daga ciki ya ɗauke ta.